Guzurin iri a kan tsauni: babba ne ya fi, ko ƙarami?

Rukayya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kwana biyu kun ji ni shiru, aikin daji ne ya ɓoye ni. Mun je Gannan, can gabashin tudun Tibet a ƙasar Sin, muna tattara irin ciyayi tun daga wajen Hezuo mai tsayin kusan mita 2,900 har Maqu da ke wajen mita 3,500, da kan duwatsun da suka ɗara haka. Yanzu na dawo ɗakin gwaji. Aikina tun safe shi ne in ƙirga iri ɗari-ɗari da ɗan tsinke in ɗora a sikeli. Akwai irin da in ka saki numfashi da ƙarfi ya tafi ke nan, dole sai da takunkumi. Jiya atishawa guda ta cinye mini aikin awa biyu.

Abin da ya kawo ni: a gida mun taso da cewa babban iri shi ne iri. Kakata manyan zangarnu take warewa ta rataye a rufin ɗakin girki don shukar baɗi. To a nan sama, inda sanyi ya fi ko'ina kuma ɗan tsiro ya fi bukatar guzuri, sai na tarar yawancin irin ƙanana ne kamar gari. Ta yaya uwa za ta tura ɗanta tafiya mafi wuya da guzuri mafi ƙanƙanta? Manoma da malamai, ina jiran ku.

Malam Bala Zariya: Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da sanyi. Ni amsar a wurina a fili take, talauci ne. Uwar ba ta da shi, me za ta ba ɗan? Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, je ki duba gero: zangarniya ta fito, amma ƙwayar ba ta ƙosa ba, a sussuka a sheƙe rabi ya tafi da iska. Can sama damunarsu wata biyu ce ko uku, kafin iri ya cika sanyi ya dawo. Ba dabara ba ce, rashi ne.

Sadik: Anti Rukayya, kin bar Kano kin tafi har Sin don ki ƙirga irin ciyawa? Da kin faɗa mini da na kai ki bayan gidanmu, ƙarangiya ce har gwiwa, kyauta.

Rukayya: Sadik ka kiyaye ni. Ƙarangiyar bayan gidanku ba ta taɓa kwana wata takwas ƙarƙashin dusar ƙanƙara ba.

Baba Malam, na gode, kuma akwai gaskiya a maganarka. Na gani da idona a ciyawa ɗaya da muka bi daga gindin dutse zuwa sama. Ta can ƙoli kan yana nan da kyau, amma in ka murza a tafin hannu ka hura, kusan duk holoƙo ne. Sai dai akwai waɗanda ko a shekara mai kyau, ko an shuka su a lambu an ba su taki, irinsu ƙarami ne. Wannan ba rashi ba ne, halitta ce.

Dakta Nura: Salam. Rukayya, kin taɓo tsohuwar rigima. Bari in sa baki, amma a yi mini haƙuri zan yi tsawo.

A 1972 wani masanin tsirrai, Herbert Baker, ya duba nauyin irin tsirrai wajen 2,500 na jihar Kalifoniya a Amurka. Ya samu cewa da ana hawa sama nauyin iri na raguwa, kuma ya danganta abin da gajartar lokacin girma. Wato maganar Malam Bala ke nan. Mutane suka riƙe wannan shekara da shekaru. Can wajenku ma, masu binciken Jami'ar Lanzhou sun fitar da aiki a 2014 kan tsirrai 1,355 na gabashin tudun Tibet, kuma a dunƙule nauyin iri raguwa ya yi da ana hawa sama.

Amma a 2005 wasu masana uku, Pluess da Stöcklin na Jami'ar Basel da abokin aikinsu Schütz, suka yi wata dabara a tsaunukan Alps na Suwizalan. Maimakon su zuba kowa da kowa a kwando ɗaya, sai suka ɗauko 'yan'uwa biyu-biyu, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, daga zuriya guda, har rukuni 29. A fiye da rabin waɗannan, na saman ne ya fi nauyin iri. A ɗaya tak aka samu na saman ya fi sauƙi, sauran kuma kunnen doki. A matsakaici irin na sama ya ɗara da wajen kashi 28 cikin ɗari. Da suka bi tsiro ɗaya daga ƙasa zuwa sama kuwa, ba su ga wannan ƙaruwar ta tabbata ba.

Saboda haka tambayar "iri na ƙaruwa ko raguwa a sama" ba ta da amsa sai an ce wa ake gwadawa da wa.

Malam Bala Zariya: Dakta, ka rikita ni. Ko dai ya ƙaru ko ya ragu. Sikeli ba ya ƙarya.

Dakta Nura: Allah ya gafarta Malam, sikeli ba ya ƙarya, amma mai ɗora kaya yana iya yi. A ce ka auna irin duk abin da ke fadama, har da ƙwallon giginya da goriba da mangwaro, sannan ka hau dutse inda babu bishiya ko ɗaya sai ciyawa, ka auna. Dole na ƙasa ya rinjaya. Amma ba don dutsen ya ƙanƙantar da iri ba, don masu manyan irin ne ba su iya hawa ba. Bishiya tana tsayawa a inda matsakaicin zafin lokacin girma ya sauka wajen digiri 6 zuwa 7, wannan aikin Christian Körner ne, shi ma na Basel. Daga nan zuwa sama gajerun tsirrai ne, kuma gajeren tsiro a ko'ina a duniya ba kasafai yake ɗaukar ƙaton iri ba. In kana son ka san abin da dutsen kansa ya yi, gwada ɗan wa da ɗan ƙani.

Malam Bala Zariya: To yanzu na gane. Kamar a ce mutanen wani ƙauye gajeru ne, ashe makarantar firamare aka je aka auna.

Hajiya Ladi Mai Ƙuli: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekarata 26 ina matse mai. Ku kuna ta maganar girma. Ba girin-girin ba dai, a yi mai. Ƙwayar masara ta ninka ta riɗi sau nawa? Amma ba ni mudun riɗi ka riƙe mudun masararka, mu ga wanda zai cika kwalba. Ko a gyaɗa ma, ba mai manyan ƙwaya ce kullum ta fi ba da mai ba, mu masu sana'ar mun san wadda muke nema a kasuwa. Rukayya, kin fasa irin nan kin ga abin da ke ciki, ko aunawa kawai kike yi?

Rukayya: Hajiya, wallahi kin zo daidai inda aikina yake. Aunawa matakin farko ne. Bayan nan muna busarwa, mu niƙa, mu duba abu huɗu ko biyar: sitaci da sukari, mai, furotin wanda a cikinsa naitirojin yake, sai fosfaras. Kuma lissafinki daidai ne. Riɗi kusan rabinsa mai ne, gyaɗa ma kusan haka. Masara kuwa sitaci ne wajen kashi 70 cikin ɗari, mai bai wuce kashi 4 ko 5 ba. Giram ɗaya na mai yana ba da ƙarfi wajen kalori 9, na sitaci wajen 4. In jakar guzuri ƙarama ce, hikima ita ce a cika ta da mai, ba da gari ba.

Sadik: Wato kilishi da dabino maimakon buhun garin kwaki.

Rukayya: Yau dai ka faɗi abin kirki.

Dakta Nura: A nan ne mutane ke yawan zamewa, har da masu rubuta takardun bincike. Akwai yawan abu a cikin kowane giram, akwai kuma jimillar abin da ƙwaya ɗaya ta ƙunsa. Ba ɗaya ba ne. Sau da yawa ƙananan iri sun fi manya yawan naitirojin da fosfaras a kowane giram. Dalilin ba boyayye ba ne: waɗannan abubuwan sun fi taruwa a ɗan tayin da ke cikin iri da kuma fatar da ke kewaye da garin, shi kuma babban iri yawanci gari ne ya ƙara masa jiki. A masara, mafi yawan fosfaras da mai suna cikin ɗan idon nan ne da ake surfewa. A alkama da shinkafa suna cikin dusa.

Amma ga misali, lambobin na ƙirƙira ne don a gane kawai. Iri mai nauyin miligiram 10 da naitirojin kashi 2 cikin ɗari yana da miligiram 0.2. Iri mai miligiram 0.1 da kashi 5 cikin ɗari yana da 0.005. Ƙaramin ya fi kauri, wato yawa a kowane giram, ninki biyu da rabi, babban ya fi jimilla ninki 40. Shi ɗan tsiro ba ruwansa da kashi cikin ɗari, abin da ke cikin jakarsa zai ci.

Hajiya Ladi Mai Ƙuli: Shi ya sa dusa ke ƙibar da tumaki mu kuma muna cin tuwon fari muna murna. Allah ya kyauta.

Buba Gembu: Jama'a sannunku. Mu nan Mambila ai mu ne 'yan tsauni a Najeriya. Rukayya, me ya sa ba ki zo nan kin yi aikin ba? Sanyi muna da shi, ciyawa muna da ita, har shayi ake nomawa.

Dakta Nura: Buba, Mambila wajen mita 1,600 ce, Chappal Waddi da ya fi ko'ina tsayi a Najeriya mita 2,419. Dukansu ba su kai inda sanyi ke hana bishiya ba. Ciyawar da ke kan Mambila wuta da kiwo ne suka fi riƙe ta a haka, shi ya sa kurmi irin na Ngel Nyaki yake nan daram, kuma zaiti da kuke shukawa yake tashi. Abin da Rukayya ke aiki a kai sai an wuce layin bishiya. Kusa da mu sai dai saman Dutsen Kamaru mai sama da mita 4,000. In ana son na gaske a Afirka, sai Dutsen Kenya, Kilimanjaro, Ruwenzori, da Simien da Bale na Habasha.

Buba Gembu: To an ƙwace mana sarautar. Amma a zo a ga raɓar safiya a nan watan Disamba tukuna.

Isufu Agadas: Mu ma muna da Bagzan a Ayar, ƙololuwarsa mita 2,022, ana noman lambu a sama. Namu matsalar ba ƙanƙara ba ce, ruwa ne. Tambayata ga Dakta: a wurin fari ma ai ɗan tsiro yana bukatar guzuri don saiwarsa ta riski danshi kafin ƙasa ta bushe. Ba abu ɗaya ba ne da sanyi?

Dakta Nura: Malam Isufu, Baker ɗin nan da na ambata ya ga haka, a wuraren da suka fi bushewa iri ya fi nauyi. Kuma wannan na cikin abin da ke dagula lissafin tsayi. Wani dutsen da kana hawa ruwa na ƙaruwa, wani kuma raguwa yake. Abin da ba ya canzawa a kowane dutse shi ne zafi na sauka wajen digiri 0.6 a kowace mita 100, iska kuma na yin shara-shara. Sauran duk, ruwa, ƙasa, iskar da ke kaɗawa, kiwo, kowane dutse da nasa. Mita ba ta shiga cikin iri. Abin da mitar ta zo da shi ne ke shiga.

Malam Bala Zariya: Zan koma kan maganata ta farko, don ban janye ba. Na ce uwar matalauciya ce. Dakta, ka musa?

Dakta Nura: Rabi na musa, Malam. Abin mamaki, da aka auna ganyen tsirran can sama a duwatsu daban-daban na duniya, an tarar naitirojin ɗin da ke ciki ya fi na 'yan'uwansu na ƙasa. Sukari da sitacin da suka tara a saiwa ma ba kaɗan ba ne. Bayanin Körner shi ne ganye na iya haɗa abinci ko da sanyi, amma gina sabon nama, wato ƙwayoyin halitta su rabu su girma, kusan tsayawa yake in zafi ya sauka ƙasa da digiri 5. Kenan rumbun uwar a cike yake, lokacin ɗurawa a jakar ɗan ne babu. Ba talaucin dukiya ba ne, talaucin kwanaki ne.

Malam Bala Zariya: Talauci dai talauci ne. Mai kuɗin da banki ya rufe kafin ya iso, da shi da ni duk ɗaya muke a daren nan.

Rukayya: Baba ya ci wannan zagayen.

Bari in ba ku abin da na gani game da kwanakin nan. Akwai wani kwari da dusar ƙanƙara ke daɗewa ba ta narke ba. A gefensa, inda ta narke da wuri, tsiron ya riga ya yi iri ya bushe. Taku goma zuwa tsakiya, shi wannan tsiron dai, fure yake yi. Tsayin wurinsu ɗaya ne a na'ura, amma na tsakiyar an yanke masa makonni. Malaminmu ya sa na tattara su a ambulan daban-daban, na yi ta gunaguni a raina. Da na zo aunawa na gode masa.

Kuma suna da dabarun sata wa lokaci. Da yawansu suna ƙulla tohon fure tun bara, ya kwana a ƙarƙashin ƙanƙara, da ta narke sai buɗewa kawai. Wani ɗan Suwidin, Ulf Molau, ya kasa su biyu a 1993. Masu fure da wuri suna cacar rashin ƙwarin da za su kai musu bununi, don sanyi bai saki ƙudaje ba tukuna. Masu fure a makare suna samun ƙwari, amma suna cacar sanyi ya riske su iri bai nuna ba.

Malam Bala Zariya: Gero da maiwa ke nan. Mai sauri ya gamu da tsuntsu, mai nawa ya gamu da ɗaukewar ruwa.

Asabe Jos: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Tambaya: dole ne sai da iri? Mu nan dankalin turawa ba ma shuka ƙwayarsa, dankalin muke binnewa, kuma ya fi saurin kamawa nesa ba kusa ba.

Rukayya: Anti Asabe, akwai masu yin haka sak. Wani tsiro da ake kira Bistorta vivipara, yana nan birjik a makiyayar da muka je, yana Alps, yana ƙasashen ƙanƙara na arewa. A ƙasan zangarniyarsa maimakon iri sai ya jera wasu 'yan ƙulla-ƙullai kamar ƙananan albasa, cike da sitaci. Wani lokaci tun suna jikin uwar suke fitar da ɗan ganye. Su faɗo ƙasa su kama. Ba jiran ƙuda, ba jiran bununi. Akwai ciyawar Poa alpina ma, wani nau'inta 'yan jarirai take haifa a kai maimakon ƙwaya. Hasarar ita ce ɗan kwafin uwar ne, ba sabon jini, kuma ba ya tafiya nesa.

Sadik: Tsakani da Allah yanzu, ba wasa ba. In babban guzuri ya fi taimakon ɗa, me ya hana kowa yin babban iri ya huta?

Dakta Nura: Saboda abin da uwa ke da shi ƙayyadadde ne. Mudu ɗaya za a raba, ko ga 'ya'ya goma kowa ya ƙoshi, ko ga dubu kowa ya lasa. Wasu masana biyu, Smith da Fretwell, sun yi lissafin wannan tun 1974. A kan dutse wurin da ɗan tsiro zai iya rayuwa ɗan kaɗan ne: tsaguwar dutse, gindin wani tsiro da ya yi kamar matashi, inuwar tsakuwa. Da dare ƙasa mai danshi tana fitar da ƙanƙara tsaye kamar allurai, ta ɗaga ƙasar sama ta tumɓuke duk ɗan tsiron da saiwarsa ba ta yi zurfi ba. Mai babban guzuri yana saurin zura saiwa, ya tsira. Mai ƙananan iri kuma caca yake da yawa, cikin dubbai ɗaya ya faɗa daidai tsaguwar.

Je ka Dutsen Kenya ka ga wani tsiro da ake kira Lobelia telekii. Yana shafe shekaru gommai yana tara ƙarfi, rana ɗaya ya miƙe da zangarniya da ke kai mita 3, ya zubar da iri dubu ɗaruruwa, kowanne bai kai milimita ɗaya ba, ya mutu. Ƙaton tsiro, irinsa ƙura. Wurin da wani masanin tsirrai, Olov Hedberg, ya ce kowace rana bazara ce, kowane dare hunturu.

Buba Gembu: Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Malam Bala Zariya: Wannan dabarar na san mai ita, kuma ba na ƙaunarsa. Ƙuduji. Irinsa kamar toka, gindi ɗaya ya zubar da dubun dubata, ba guzurin kirki, ya kwanta a ƙasa shekara da shekaru sai ya ji ƙanshin saiwar dawa ya farka ya maƙale. Na yi shekara 31 ina aikin malamin gona, shi ya fi ba ni furfura.

Dakta Nura: Haka wasu furanni da ake kira okid suke, har da na kan tsauni. Irinsu ba shi da ma'ajiyar abinci sam, sai wata fumfunar ƙasa ta ciyar da shi. Wanda ya fita ba guzuri dole yana da gidan da zai sauka.

Hajiya Ladi Mai Ƙuli: Ina da wata tambayar ta 'yan mai. Da hunturu manja daskarewa yake a galan sai an kai shi rana, man kaɗe kuwa dutse ne, amma man riɗi yana nan ruwa. To irin da ke kwana cikin ƙanƙara, man cikinsa ba ya yin barci? In ya daskare ɗan zai iya ci?

Rukayya: Hajiya, da za ki zo nan da an ba ki kujera. Wannan tambayar bincike ce sukutum. Mai iri-iri ne, wani yana daskarewa da wuri, wani sai sanyi ya yi tsanani. An daɗe da sanin cewa in aka shuka abu ɗaya, kamar furen bi-rana da ake matse mansa, a wuri mai sanyi, man da zai tara ya fi karkata ga wanda ba ya saurin daskarewa. A 2000 wani masani, Randal Linder, ya kawo hujjar cewa tsirran ƙasashen sanyi sun fi tara irin wannan man, don irinsu ya iya farkawa ya ci guzurinsa tun gari bai ɗumama ba, ko da yake ƙarfin da ke cikinsa ya ɗan gaza na mai daskarewa. Manja da man kaɗe 'yan ƙasar zafi ne, ba su da wannan damuwar.

Hajiya Ladi Mai Ƙuli: Amma man da ba ya barci shi ya fi saurin yin ɗoyi in ya daɗe. Wannan na sani.

Dakta Nura: Kuma ga wani abu da ke kusa da maganarki, ko da yake ba zan ɗora laifin duka a kan mai ba. A 2011 Andrea Mondoni na Jami'ar Pavia a Italiya, tare da mutanen rumbun iri na Millennium da ke Ingila, sun gwada daɗewar irin tsirran Alps da na 'yan'uwansu na ƙasa. Na saman sun fi saurin mutuwa a ajiya. Iri da ya nuna cikin sanyi da danshi, a gurguje, ba ya jure zaman rumbu kamar wanda ya nuna cikin zafi da bushewa. Wannan damuwa ce ga masu ajiye iri a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili suna zaton sun gama aiki.

Sadik: To na yarda abin da daɗin ji. Amma me zai ƙara wa mai gona a Bichi?

Asabe Jos: Sadik, ba komai ne sai ya zama tuwo a daren nan ba.

Malam Bala Zariya: Bar shi Asabe, tambayarsa halas ce, kuma ni zan amsa. An taɓa kawo mana wani iri daga wani kamfani, ba zan kama suna ba, manyan ƙwaya masu sheƙi, kowa na yabo. Aka shuka, fitowar ba ta kai ta irin da tsofaffi suka rataye a ɗaki ba. Ashe ya daɗe a sito. Tun ranar na daina yi wa iri kallon ido kawai. Na biyu, zurfin shuka. Masara ka binne ta da ɗan zurfi ta fito, don guzurinta zai kai ta sama. Yi wa acca ko riɗi haka ka ga ko za ka ga komai. Duk maganar Rukayya ce, guzuri da nisan tafiya.

Rukayya: Kuma a can sama haka yake, Baba. Ƙananan irin da yawansu ba sa tsirowa sai sun ga haske, wato sai sun tabbata suna kusa da fuskar ƙasa. Da yawa kuma ba sa farkawa sai sun sha sanyi na watanni tukuna, sannan su ji ɗumi. In ba haka ba, ɗan ɗumin kaka zai yaudare su su fito, hunturu ya kashe su. A ɗakin gwaji sai mun sa su a firji cikin danshi na makonni kafin su yarda.

Abin da ke damun masu wannan aikin yanzu shi ne ɗumamar yanayi. In ƙanƙara ta narke da wuri, iri ya farka da wuri, sannan sanyin dare ya dawo ba bargon ƙanƙarar da zai rufe shi. Kuma tsirran ƙasa masu tsayi suna hawowa. Na ƙoli ba shi da inda zai ƙara hawa.

Isufu Agadas: Har ina ne ƙarshen hawan nasu?

Dakta Nura: A Turai, Körner ya samu wata 'yar shuka da ake kira Saxifraga oppositifolia tana fure a mita 4,505 a kan dutsen Dom na Suwizalan. A Himalaya akwai masu fure sama da mita 6,000, inda iskar shaƙa ba ta kai rabin ta bakin teku ba.

Asabe Jos: Wani abu ya tsaya mini. Acca tamu ƙanana ce, tef, hatsin Habasha, ma haka, duka na tudu. Amma na ga hoton masarar Kusko ta ƙasar Peru, ƙwaya kamar kwabo, kuma a kan tudu ake noma ta. Wanne ne gaskiyar tudun?

Dakta Nura: Babu ko ɗaya, Asabe. Waɗannan hannun mutum ne ya zaɓe su shekaru aru-aru, ana musu huɗa da ban ruwa da taki. Kuma masara ko ina ta je masara ce, acca ko a ina acca ce. A tsirran daji ma haka ake yawan samu: in ka san dangin tsiro, ka fi kusa da sanin girman irinsa da abin da ke ciki fiye da in ka san tsayin inda ya fito. Dangin wake ko a ƙolin dutse furotin suke tarawa, dangin ciyawa sitaci, dangin kabeji da na bi-rana mai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tsayi yana ɗan matsa abin nan ko can, a cikin iyakar da gado ya shata.

Malam Bala Zariya: Kenan kakar Rukayya ba ta yi kuskure ba da take ware manyan zangarnu.

Dakta Nura: Ko kaɗan. Ita gero take gwadawa da gero, a gona ɗaya. A nan babba mai ƙoshi ya fi. Kuskuren sai in an ɗauki hukuncinta an kai kan riɗi da masara.

Malam Bala Zariya: Amma ban ji an amsa wa yarinyar nan ba. Nata irin, na can Maqu, na sama ne ya fi kauri ko na ƙasa?

Rukayya: Baba, ambulan 140 ne a gabana, na niƙa 30. Wasu ma sai na haɗa irin gindi da yawa kafin ya isa abin da na'ura za ta iya karantawa. In na faɗi wani abu yanzu Dakta zai kama ni da hannu dumu-dumu. Abin da na riga na canza shi ne teburin lissafina, na raba shi gida biyu, na kowane giram daban, na kowace ƙwaya daban, kuma zan jera su dangi-dangi. Hajiya, zan roƙi malaminmu ko za a bar ni in duba nau'in man, ba yawansa kaɗai ba. In ya yarda sunanki zan fara faɗa masa.

Hajiya Ladi Mai Ƙuli: Ki ce masa Ladi ta Kofar Wambai na gaishe shi. In kuma man ya yi yawa a aiko mini da tunkuzar.

Sadik: Anti, in kin sake atishawa ki ɗauko mana bidiyo.

Rukayya: Ƙarfe ɗaya na dare ake nema a nan, kuma gobe da asuba nake da layin sikeli. Buba, in Allah ya kai mu hutu ina son ka tara mini irin ciyawar kan tudunku da na gangare wajen Serti, ciyawa iri ɗaya, ambulan daban-daban, ka rubuta wuri da rana. Ta takarda, ba leda ba, kar su yi fumfuna.

Buba Gembu: An gama. Amma sai bayan an ɗauke ruwa, yanzu hanyar gangaren ba ta biyuwa.